Wuyan Tirelar Kaka

Duk wanda ya shigo mana gaisuwa sai da ya yi kuskure iri ɗaya, ni kuwa na gaji da gyaɗa kai, shi ya sa na ɗauki biro. Ba ni ce 'yar lelen Kaka ba. Don Allah a daina faɗa.

Kakana, mahaifin Babana, ya rasu ranar wata Talata cikin watan Afrilu na 2007, bayan la'asar, a falonmu da ke gabashin Greensboro, a nan Amurka. Ya yi salla, ya ce kansa na sarawa, ya kishingiɗa a kan darduma, shi ke nan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa. Washegari maza suka kai shi, a garin da har ya mutu bai iya faɗin sunansa daidai ba, mu mata muka zauna karɓar gaisuwa.

Hajiyoyin Nijar ne suka fara cika gidan, 'yan Gaya da 'yan Dosso, kowacce da kular abinci a hannu. Duk wadda ta shigo sai ta wuce Gwaggo, ƙanwar Babana, wadda ita ce aka yi wa mutuwar uba, ta zo ta kama hannuna.

"Wayyo 'yar Kaka. Ke aka yi wa rashi. Ai ke ce sandarsa."

Maman da ke zaune a saman bene, 'yar Filato, ta sauko da kayan aikin asibiti a jikinta ko canzawa ba ta yi ba. Ta rungume ni tana kuka tana cewa Kaka ne ya ɗaure mata ƙafar gadon jikarta da waya, har yau bai motsa ba. Ita ma ta rufe da, "Ke ce idonsa, yarinyata." Wani Alhaji mai tura motoci Kwatano, abokin Babana, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi addu'a, sannan ya girgiza kai.

"Allah ya jiƙan Malam. Shekara biyu yana kankare ƙarfen tirelar jirgi, ko jirgin ba shi da shi. Tsufa ke nan."

Shi ma ya yi kuskure, amma nasa zan zo kansa.

Gaskiya ne ni nake dafa masa abinci. Ni nake kai shi asibiti in yi masa tafinta, ni nake yanke masa farce, ni na san wane magani ne na safe wane ne na yamma. Amma wadda ake aika daban, wadda ake zama da ita daban. Ni ake aika. Wadda yake zama da ita tana can kusurwar falo ranar, ta yafa mayafi a karkace, babu wanda ya kama hannunta: taubashiyata, 'yar Gwaggo, haifaffiyar nan, wadda idan ka gaishe ta da Hausa sai ta amsa maka da Turanci.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba a zaman makokin. A ƙarƙashin wuyan tirelar nan da Alhaji ke magana akwai rami, ni na rufe shi da hannuna, na shafe shi da fenti. Bari in faɗi yadda aka yi.

A Yawuri na tashi, a hannun Kaka, don Babana ya taho nan tun ina firamare. Kaka Basarke ne, ɗan masunta jikan masunta, amma shi ya fi kowa sanin ciwon jirgi. Tun ana kawo masa na katako har aka koma na ƙarfe ya koyi walda da girmansa. Ba ya duba jirgi da ido. Wata 'yar guduma gare shi, ƙotarta ta yi sulɓi don riƙo. Sai ya bi jikin jirgi yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Inda ƙarfe ya amsa masa da tsaki mai tsawo, ya wuce. Inda ya ji amsa a daƙushe, ya tsaya ya ja alli.

"Ƙarfe ba kurma ba ne," in ji shi, "kunne ne ya yi ƙaranci."

Bai yi boko ba, saboda haka kowa a gidan da alamarsa. Tawa wutsiyar kifi ce, layi uku da suka haɗu wuri ɗaya. Ya ƙona mini ita da ƙusa mai zafi a kan ɗan filafilin tuƙin da ya sassaƙa mini ina shekara bakwai, ya kuma karce ta a murfin akwatin ƙarfen da na tafi sakandare da shi. A lokacin babu wata jika a duniya sai ni. Ni nake cin kan kifi. Ni nake ce masa, "Tsoho, yaushe za ka mutu mu ci gumba?" shi kuma ya ce, "Sai ranar da na ga kin zauna wuri ɗaya har shayi ya huce, uwar gaggawa. Kin ga da sauran rai."

Shekarar da na gama sakandare Babana ya ɗauko mu mu biyu. Ni na shiga aiki a wani sito inda muke ɗaure kwalaye. Kaka ya shiga kujera. Mutumin da ya saba da kogi tun daga asuba ya koma kallon wurin ajiye motoci ta taga. Shekara uku yana bushewa a gabanmu kamar kifin da aka manta a rana. Ba ya ƙorafi. Sai dai, "Ke, kawo buta." "Ke, rage wannan iskar." "Ke, ina carbina?"

Sai Gwaggo da mijinta suka koma Pleasant Garden, wani ƙaramin gari kusa da mu, gida mai fili har ba ka son yankan ciyawarsa. A bayan gidan, cikin sarƙaƙiya, mai gidan na da ya bar wata tirelar jirgi. Ba irin tirelar da muka sani a hanyar Kwantagora ba. Ɗan keken ƙarfe ne mai taya biyu da dogon wuya, ana ɗora masa ƙaramin jirgi a maƙala wuyan a bayan mota a ja zuwa tafki. Tayoyin sun zauna, itacen da jirgi ke kwanciya a kai ya ruɓe, ƙarfen kuwa ja wur da tsatsa, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Mijin Gwaggo ya ce zai kira masu kwasar tarkace. Kaka ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa ta sau uku, ya karkata kai.

"Ba ta mutu ba," ya ce. "A bar mini ita."

Daga ranar Asabar ta zama tasa. Ya sa aka aiko masa da gudumarsa daga gida cikin kayan wani mai dawowa. Maƙwabcin Gwaggo, wani tsohon Bature da ba ya jin ko "sannu", ya ba shi aron injin walda, ya nuna masa wani jirgin alminiyom da ke kife a gefen shingensa, ya yi masa alama da hannu cewa ranar da tirela ta tashi jirgi nasa ne ya ɗauka. To ka ji, Alhaji, akwai jirgi. Kuma ba tsufa ba ne. Tsufa shi ne wancan zaman kujera. Hawan jininsa ma sauka ya yi, ni na ji daga bakin likita, don ni ce tafinta.

Asabar ta farko ni na riƙe masa buroshin waya. Kafin azahar na tambaye shi sau huɗu yaushe za mu gama. Na ce a sayi sabuwa mana, ga su can a bakin titi. Ya miƙo mini gudumar ya ce in buga nan, in buga can, in faɗa masa bambanci. Na buga, na ce duk ƙarfe ne.

Taubashiyata tana zaune a kan matakala tana cin tuffa. Ta sauko, ta karɓi gudumar daga hannuna ba ko sallama, ta buga nan, ta buga can, ta koma ta sake buga na farko. Sannan ta nuna na biyun ta yamutsa fuska.

Na ga fuskar Kaka. Wallahi na gan ta. Irin kallon da yake yi mini ne a bakin kogi idan na tuƙa jirgi bai juya ba.

"Baturiya," ya ce, "ashe da kunne aka haife ki."

Ba ta ma gane abin da ya ce ba. Ni na fassara mata. Ka ji aikina.

Ban san da wane harshe suke magana ba, har yau. Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba, Turancinsa bai wuce "oke" ba. Amma suka yi wata huɗu suna bin tirelar nan taƙi bayan taƙi. Ya buga, ta buga, su kalli juna, ya ja alli. Da'ira na nufin a goge a bari. Gicciye na nufin a yanke a sa sabon ƙarfe. Har gangar jikin ta cika da zane kamar allon mai sauka. Ya koya mata riƙe sandar walda, ya ɗaura mata tsohon rawaninsa a wuya don tartsatsi. Ni kuwa idan na leƙo sai in ji, "Ke, kawo mana ruwa."

Mana. Kalmar nan ta fi tartsatsin ƙuna.

Ranar wani hutu cikin watan Yuli na 2005 mijin Gwaggo ya ɗauke su su biyu zuwa wani gari neman sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗaukar nauyi a kan taya. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan wace ce jikarsa. Na sha zuwa filin motocin Alhaji kai wa Babana saƙo, na ga yadda ake yi wa mota kafin a sa ta a jirgin Kwatano: a cike lotsawa da fila, wannan ƙullun mai ruwan toka da ke daskarewa kamar dutse, a goge da samfefa, a fesa fenti, mota ta fito amarya. Na roƙi ragowar gwangwani a can, na sayi baƙin fenti, na tafi Pleasant Garden. Gwaggo tana wurin aiki. Daga ni sai tirela.

Na fara da wuya, don shi ke gaba. Na kwanta a ƙasa na sa buroshi da ƙarfi a ƙarƙashinsa, sai wani ɓawo ya faɗo mini a fuska, buroshin ya shige. Rami, yatsa biyu na shiga. Wurin babu alli, ba su kai nan ba tukuna. A raina na ce ni na fasa, kuma na riga na ji dariyar da za a yi: uwar gaggawa ta taɓa, ta huda. Na cusa takarda, na danna fila, na jira ta daskare, na goge har ta yi sumul. Sannan na bi tirelar kaf da fenti, tun daga wuya har fitilun baya. Kafin la'asar tana walƙiya. Har hoto na so a yi mini da ita.

Da suka dawo Kaka ya sauko daga mota, ya sa hannuwa a baya, ya zagaya ta sau biyu.

"Wa ya yi wa mara lafiya kwalliya?"

"Ni ce."

"Kin tambaye ta inda ke mata ciwo?"

"Haba Tsoho! Yini guda ina nan cikin rana. Ka ce an gode mana."

"An gode. Aikin wata huɗu kin shafe shi kafin la'asar. Ko tsatsa ba ta kai ki sauri ba."

Sai a lokacin na tuna da allin. Duk da'irar nan, duk gicciyen nan, suna ƙarƙashin fentina. Taubashiyata ba ta ji Hausar ba amma ta ga fuskata, dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da rawanin nan nasa.

"Ka zauna da Baturiyarka," na ce. "In ƙafata ta sake taka bayan gidan nan, ba Babana ya haife ni ba."

"Ƙafa taki ce," in ji shi. "Amma ki riƙe wannan: tsatsa ba ta ƙarya. Fenti ne maƙaryaci."

Muka koma gida. Bayan magariba ina wanke-wanke, hannuna baƙi ƙirin har gwiwa, sabulu ya ƙi fitar da shi, sai ga shi ya shigo kicin, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya zuba man gyaɗa a murfin kwano, ya zaunar da ni, ya kama hannuna yana murzawa yatsa bayan yatsa da tsumma. Ya ɗauki tsinken ashana yana share mini ƙarƙashin farce. A babban yatsa ya ciro wani ɗan abu mai ruwan toka, ya ɗaga shi wajen fitila, ya murza shi, ya yar. Ni ban kawo komai a raina ba. Ina can ina jira ya ce in dawo ranar Asabar.

Bai ce ba.

Asabar biyar suka yi suna kankare fentina. Suka sake bin ta da guduma daga farko. Ta tagar kicin ɗin Gwaggo na ga ƙarfe ya koma fari ko'ina, amma daga gefe ina hango ƙarƙashin wuya, inda ido ba ya kaiwa sosai sai an durƙusa, baƙina yana nan. Na ce a raina: masu kunne ke nan. Na rufe rami a gabansu ba su ji ba. Kunya ce in faɗa, amma daɗi na ji. Ita ce kaɗai nasarar da na samu a kansu, na kuma riƙe ta kusan shekara biyu.

Rantsuwata ma na riƙe. Duk Asabar ni nake tuƙo shi, in sauke shi a bakin ƙofa, in shige kicin in taya Gwaggo yankan kuɓewa. Daga nan nake jin ƙwas, ƙwas, shiru, sai dariya. Gwaggo ta sha ce mini, "'Yata, ki fita ki sha iska mana." In ce iskar ciki ta ishe ni. Suka yanke, suka liƙa, suka sa sifirin, suka sa tayoyi, suka ja wayar fitilu, suka shimfiɗa sabon itace. Tun bara kowa ke cewa an gama. Bature maƙwabci har ya wanke jirginsa ya tura shi bakin shinge. Babana ya ce, "Baba, yaushe za mu ci kifinka?" Kaka ya ce, "Da saura." Wata ya wuce, a sake tambaya: "Da saura." Mijin Gwaggo ya ce tsoron ruwan Amurka yake ji. Da "da saura" a bakinsa ya tafi, tirelar ba ta taɓa jiƙa taya ba.

Ranar sadakar bakwai Gwaggo ta samo gero a shagon 'yan Afirka ta yi gumba da injin markaɗe. Wata tsohuwa 'yar Gaya ta buga cinya ta ce, "Ina jikoki? Tsoho ya mutu a tsufansa za ku zauna kuna zumɓura baki? Ku tashi ku yi mana shi!" Haka ake yi a gida: jika ta sa kayan kaka ta kwaikwaye shi, a yi dariya, a ba ta gumba. Na ce wannan fagena ne. Na sa hularsa da babbar rigarsa, na ranƙwafa, na ja ƙafa.

"Ke, kawo buta! Ke, rage wannan iskar! Wannan shayi ne ko ruwan wanka?"

Falo ya ɗauki dariya, har da masu hawaye. Aka cika mini hannu da gumba. Tsohuwar ta juya wajen taubashiyata. "Ke fa, Ba'amurkiya? Ko ba kakanki ba ne?"

Ba ta sa hula ba, ba ta sa riga ba. Ta ɗauki cokalin shayi, ta durƙusa gaban teburin tsakiya, ta ƙwanƙwasa ƙafarsa. Ta karkata kai. Ta rufe ido ɗaya. Sannan ta fara wani ɗan amo a maƙogwaro, ba kalmomi, irin wanda matuƙa ke yi idan jirgi ya kama hanya filafili na faɗawa ruwa a kan lokaci.

Babu wanda ya yi dariya. Gwaggo ta kifa kai a gwiwa. Babana, da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda ko a maƙabarta aka ce bai zubar da hawaye ba, ya juya ya fita waje.

Na san amon nan. Da shi nake barci a cikin jirgi ina ƙarama. Tun da muka sauka ƙasar nan ban ƙara jin sa a bakin Kaka ba, shekara biyar muna gida ɗaya. Ashe yana yi. A bayan gidan Gwaggo yake yi. Ni na kwaikwayi mai aike, ita ta kwaikwayi kakana. Gumbar ta zama yashi a bakina.

Da Babana ya dawo ciki, ido ja, ya ce ya yanke shawara. Ranar arba'in, bayan addu'a, za a ɗora jirgin Bature a tirelar, shi da kansa zai ja ta zuwa tafki, duk mu je. Abin da Baba bai gani ba, mu gani a madadinsa. Kowa ya ce madalla. Taubashiyata ta ɗago ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Na ɗauka gadara ce.

Wuya shi ke riƙe da komai. In ya karye a kan babban titi, jirgi da tirela sai su bi inda suka ga dama, da motocin mutane a baya, da Babana a gaba. Na san wannan sarai. Amma zan faɗi gaskiya tunda ranar gaskiya ce: sati huɗu na yi ina fata ya karye a tsakar gidan, tun kafin a hau titi, a gaban Hajiyoyin nan, kowa ya ga aikin mai kunne. Ina ɗaure kwalaye ina shirya yadda zan riƙe baki in ce, "Ayya, ashe ba ku duba nan ba?" Sai in tuna ba ni ke zaɓa wa ƙarfe inda zai karye ba.

Jiya Laraba, saura kwana uku, na tashi daga aiki ƙarfe uku na wuce Pleasant Garden da sukudireba a jaka. Na tsaya a kusurwar gidan na ɗan lokaci. Sannan na taka. Babana ne ya haife ni, amma na taka.

Ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Sun shafa mata jan fentin hana tsatsa, ɗinkin waldar a jere kamar ƙwayoyin tasbaha. Na kwanta a ciyawa na shiga ƙarƙashin wuya. Baƙin fentina yana nan, faɗin tafin hannu biyu, an zagaye shi an bar shi. A tsakiyarsa, daidai kan ramin, akwai alli. Ba da'ira ba, ba gicciye ba. Layi uku da suka haɗu wuri ɗaya. An maimaita shi sau da yawa, sabo a kan tsoho, har allin ya yi kauri.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Takalman taubashiyata na fara gani.

"Kin zo," ta ce da Turanci.

"Tun yaushe ya sani?"

"Asabar ɗin da ta biyo bayan fentin. Bugu ɗaya ya yi."

"Ke ma kin sani?"

"Ni ya sa na sake bugawa."

"Shi ne kika yi shiru Babana zai hau titi da ita? Ke wace irin muguwa ce?"

"Ni ce muguwar?" Ta tsuguna ta leƙo ni. "Na cire ƙarfen da ke kulle ta a mota, yana ƙarƙashin gadona. Babu inda za ta. Na ba ki zuwa Juma'a, in ba ki zo ba in faɗa wa Kawu da kaina."

Na ce me ya hana su gyarawa, aikin yini ɗaya. Ta ce ta ɗauko injin yanka har sau biyu yana riƙe mata hannu. Sai ta faɗi abin da yake cewa, da Hausa, da muryarsa, kalma bayan kalma kamar mai karanta abin da ta haddace ba ta san fassararsa duka ba:

"Na mai shi ne. Wanda ya binne shi zai tone."

Ta ce duk bayan ruwan sama sai ya sa ta riƙe shi ya durƙusa ya sabunta allin. Ta ce idan mota ta sauke shi yakan tsaya a kusurwar gidan kaɗan kafin ya ƙaraso, ko za a biyo shi. Ta ce, "Ke kina ganin ni na more. Rabin abin da yake faɗa ban gane ba, kuma rabin da na gane labarinki ne. Ke da wani ɗan filafili."

In tana jiran in rungume ta ne, ta sha zama. Ni ban ga daidai a nan ba. Ita ta samu Asabar fiye da ɗari, da waƙa, da rawani a wuya. Ni na samu layi uku na alli a wurin da sai an kwanta a ƙasa ake gani. Shi ma tsohon ina da magana da shi. Shekara biyar yana aike na: buta, carbi, ruwa, magani. Aike ɗaya da ya fi duka, "Ke, zo ki tone abin da kika binne," shi ne bai iya buɗe baki ya yi ba. Ya zauna yana jiran uwar gaggawa ta zo da ƙafarta, ni kuma ina bayan taga ina jira a kira ni. Taurin kan nan ba a Amurka na tsince shi ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta mini, ya sa kogin da ya tarar ya fi wanda ya baro.

Na sa sukudireba na soki filar. Ta fito dunƙule guda, da takardar da na cusa, ta yi laushi ta yi ja. Ramin da na bari na yatsa biyu yanzu hannuna na shiga har wuyan hannu. Taubashiyata ta ce sai an yanke kusan kamu ɗaya an sa sabo, an ɗaure shi ta ciki.

Ɗazu da safe na faɗa wa Babana komai, tun daga gwangwanin Alhaji. Ya ce in je in faɗa wa Gwaggo da bakina. Na faɗa.

Saboda haka masu shirin tafki ranar Asabar, ku zo addu'a, ku ci abinci, ku koma gida. Ba inda tirela za ta. Ni bayan addu'a zan cire mayafi in zagaya bayan gidan Gwaggo. Ni zan yanke wurin, ni zan liƙa, ko zai ci mini Asabar ashirin. Baturiya za ta tsaya a kaina ta nuna mini, tunda ita aka bar wa hannun, na haɗiye wannan. Amma na gaya mata sharaɗina tun jiya: guduma a hannuna za ta kwana, kuma in ana jin ƙishi, ita za ta kawo mana ruwa.